Kuɗin Kunne: Kanikancin Zuru Ta Bakin Ƙarar Mota

Ƙorafin dai bai taɓa sauyawa ba. Tun lokacin da motocin Zuru ba su fi a ƙirga su da yatsu ba har zuwa yau, direba zai shigo gareji ya ce, "Maigida, a tsaye lafiyarta lau, amma da na taka totur sai ta kama ƙara." Amsar ce ta yi ta sauyawa. A shekarun 1970 ana samun ta a dilko da tankin mai. A shekarun 1990 ta gangara ƙarƙashin mota, wajen salansa da shaf. Yanzu kuwa akwai motar da ciwon yana nan amma ta haɗiye ƙarar. A garejin kawuna na tashi, a Rikoto, ina wanke noti a cikin kwanon fetur idan an taso daga makaranta. Koyarwa na bi daga baya, amma idan aka ce in ba da tarihin wannan sana'a a garinmu, ta wannan ƙorafi guda zan bi.

Kanikancin Zuru daga bariki ya fito, ko in ce kaso mai tsoka nasa. Kowa ya san ƙasar Zuru da aikin soja tun zamanin Turawa. Da wuya ka shiga gida a Dabai ko Senchi ko Ribah a ce maka ba wanda ya taɓa sa kaki. Soja kuma ba harbi kaɗai yake koyarwa ba. Ana koyon tuƙi, ana koyon fita da gyaran Land Rover da Bedford. Kafin nan, 'yan motocin da ke zuwa garin na En'e ne da na 'yan mishan da lorin 'yan kasuwa masu ɗaukar hatsi, kuma direban lori shi ne bakaniken kansa, shi da karen motarsa. Da aka gama yaƙin basasa a 1970, aka kuma fara rage yawan sojoji a shekarun da suka biyo baya, sai maza suka riƙa dawowa gida da akwatin sufana. Kawuna yana cikinsu. Ya samu inuwar bishiya, ya haƙa rami, ya kafa ƙarafa uku ya rataya sarƙar ɗaga inji, gareji ya tabbata.

Ya kuwa dawo a kan gaɓa. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, ana kwaso sassan ta jirgin sama daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna. A shekarar ce kuma ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji. Malamin makaranta da akawu da hafsan soja duk suka shiga layin bashin mota. A 1976 aka yanke Zuru daga tsohon lardin Neja aka haɗa ta da sabuwar Jihar Sakkwato, sai ya zama duk mai neman sa hannu a takarda dole ya yi doguwar tafiya arewa. Motar da ta ɗauki wannan wahala ita ce Peugeot 404, musamman akori-kura mai zuwa kasuwannin ƙauye, sai 504 wadda gwamnatin soja ta lokacin ta mai da ita motar manyan ma'aikata. Bakaniken da ya san waɗannan biyun ya san kusan duk abin da ke tafiya a kan taya huɗu tsakanin Kontagora da Koko.

Idan aka kawo wa Kawu 504 mai ƙara, ba ya buɗe bonet. Wannan shi ne abin da ya fi ba masu mota haushi. Sai ya goge hannu, ya shiga gaba kusa da direba, ya ce da yara biyu ko uku su shiga baya don motar ta ji nauyi, a ɗauki hanyar Dabai. Da an zo ɗan hawa sai ya ce, "Sa ta a giya ta huɗu. Kada ka sauko. To, danna." Motar tana tafiya a hankali, giya ta yi mata yawa, ga kaya, ga tudu: a nan ne take faɗin gaskiya. Sai ka ji wata siririyar ƙara daga gaba, kamar tsakuwa a cikin gwangwanin madara. Da direba ya ɗaga ƙafa sai ta ɗauke. Kawu zai ce a tsaya a gefen hanya, ya ɗauko alli ya ja layi a gindin dilko don ya san inda ya tarar da shi, ya sassauta notin da ke riƙe da shi, ya murɗa shi kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba, ya ɗaure. A koma ƙasan tudun, a sake hawa. Haka za a yi ta yi har a samu wurin da ƙarar ta tafi amma ƙarfin motar bai tafi tare da ita ba.

Sai da na girma na fahimci abin da ke faruwa a ciki. Fulogi yana tartsa wuta ne kafin fistin ya ƙarasa hawa, wutar ta bi cakuɗen mai da iska ta cinye shi daki-daki. Idan wutar ta zo da wuri ƙwarai, ko man ba shi da juriyar matsi, ko kan silinda ya ɗau zafi, ko baƙin gawayi ya taru a saman fistin ya rage wuri, to ragowar cakuɗen da ke can gefe sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi. Wannan fashewar ce ke dukan bangon silinda. Kwana ɗaya ba ta kashe inji. Amma wanda ya yi wata da watanni yana hawa da ita zai ga ringi ya karye, gaskit ya ƙone, wani lokaci ma saman fistin ya huje. Idan murɗa dilko bai yi magani ba, sai a sauke kan silinda a kankare gawayin, a zauna a goga bawul ɗaya bayan ɗaya da sanda tsakanin tafin hannu biyu. Aikin yara ne wannan, kuma na yi rabona.

Wannan ƙara ta dami masu ƙera mota tun kafin ta dame mu. A ƙarshen 1921 wani injiniyan kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗigon wani sinadarin dalma a cikin fetur yana kashe ta, kuma a 1923 aka fara sayar da irin wannan man. Shi muka gada. Fetur ɗin da nake wanke noti a ciki, wanda yaran gareji ke zuƙa da tiyo su tofar idan za a ɗebi mai daga tanki, mai dalma ne, ba kuwa wanda ya taɓa ce mana guba ce. Mutanen yankinmu sun ga abin da dalma ke yi wa yara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu, duk da cewa waccan daga haƙar zinariya ta fito. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001 cewa za su daina sa ta a mai, kuma zuwa farkon 2006 an daina. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Amma a Zuru ba rashin dalma ba ne ya fi kawo wannan ƙara. Galan ne. Garinmu yana nesa da rumbunan mai na Gusau da Minna da Kaduna, kuma a shekarun 1990 gidan mai yakan yi makonni a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin hanya da jarkokinsu. Ba dukansu ne ke ha'inci ba, amma wanda zuciyarsa ta mutu yakan ƙara kananzir don galan ya cika, shi kuwa kananzir ba ya jure matsi ko kaɗan. Kawu yana da gwajinsa. Zai ɗiga man a kan farar takarda ya ajiye a rana. Fetur na gaskiya yakan bushe ya bar takardar kamar ba a taɓa ta ba. Mai gauraye yakan bar tabon maiƙo. Idan ya ga tabon ba ya taɓa dilko. Sai ya ce da direban, "Ɗana, motarka ba ta da laifi. Je ka ƙone wannan a hankali, kada ka yi mata lodi, ka sauko da giya a kan tudu, ka kuma sake wurin sayen mai." Direba ya tafi yana murna, bai biya ko sisi ba. A nan matsalar sana'ar take, zan kuwa dawo kanta.

Akwai wata ƙarar da ba a wasa da ita, kuma rabe ta da ta farko shi ne jarrabawar yaron gareji. Ita mai nauyi ce, daga ƙasan inji take fitowa, tana bin juyin inji ko mota tana tafiya ko tana tsaye, sau da yawa kuma jar fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa idan inji ya yi zafi. Metal ne ya ci. Kawu zai ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna marikinta a ƙashin bayan kunnensa, ya riƙa matsawa daga wuri zuwa wuri. Sannan ya cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Silindar da aka cire wa wuta ƙarar ta ragu, to ita ce mai ciwon. Wanda aka gaya wa haka ya ce bari ya kai fasinja Yawuri ya dawo, yawanci da igiya ake jawo shi, a ce inji ya buga. Sauƙin 504 shi ne silib ɗinta ana zare shi. A aika Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo fistin da silib da ringi da metal, a kai karanshaf a gyara, inji ya dawo sabo. Akwai kuma ƙananan ƙararraki da ba sa tayar da hankali: ƙyas-ƙyas ɗin tafet da ke buƙatar a saita, da sarƙar taimin da ke kaɗawa da sanyin safiya.

Koyon wannan rabewa yakan ci shekaru, ba kuma a rubuce yake ba. Kawu yakan ce ya fi son yaran ƙauye, waɗanda suka ga yayyensu sun yi golmo, suna noma wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata. Irinsu ba sa tambayar yaushe za a yaye su.

Ba zan yi wa tsofaffin kanikawa kwalliyar da ba su da ita ba. Su ne suka koya wa ƙasar nan cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, alhali inji yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. A cikinsu akwai wanda idan ya gaji da mai mota sai ya mai da dilko baya sosai. Ƙara ta ɗauke, mota ta koma shan mai tana zafi, ba ta iya wuce tirela. Akwai mai zuba baƙin mai mai kauri don ya rufe bakin metal ranar da za a kai mota kasuwa. Kunne mai kyau da amana ba kullum suke zama a jikin mutum ɗaya ba.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi, sabuwar Peugeot ta fi ƙarfin malamin makaranta. Kaduna ta ci gaba da harhaɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, amma hanya ta koma hannun motocin Beljiyam, waɗanda ake saukewa a Kwatano a shigo da su ta kan iyaka. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, zirga-zirga ta koma Birnin Kebbi ta Mahuta da Koko, tasha kuma ta cika da Starlet da Carina da Golf, daga baya Vectra da Sharan. Waɗannan da tayoyin gaba suke ja, injinsu a gicciye yake, sun kuma zo da nasu ciwon. A Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, don haka motar da ta yi shekara goma a can takan iso jikinta na sheƙi, cikinta ya ci tsatsa.

Sai ƙorafin nan na "idan na taka" ya samu sababbin amsoshi, yawancinsu ba a cikin inji ba. Mafi yawa faranti ne, wani siririn gwangwani da ke tsakanin salansa da ƙasan mota don tare zafi. Tsatsa ta cinye wurin notinsa, ramukan hanyar Rijau su ƙarasa shi, sai ya riƙa kaɗawa a daidai wani juyi na inji, ko da mota tana tsaye. Ana gane shi da dunƙulen hannu idan salansa ta huce. Maganinsa babban wosha ko kilif, ko ɗigon walda. Mai gaggawa ya ɗaure da waya. Da yawa sukan fizge shi su jefar, su manta cewa wannan mota za ta tsaya a kan busasshiyar ciyawa a bakin gona da rani. Idan ƙarar ƙas-ƙas ce da ke zuwa lokacin da aka karya sitiyari ana ba ta wuta, shaf ne: robarsa ta yage, giris ya fita, jar ƙasa ta shiga. Idan kuwa bugu ɗaya ne, dum, daidai lokacin tashi ko sauya giya, robar da inji ke zaune a kai ce ta tsage. Tsofaffi irin su Kawu sun sha wuya a shekarun nan, don kunnensu ya saba neman laifi a sama. Wasu sun koya, wasu suka ce su Fijo kawai suke gyarawa, suka tsufa tare da ita.

Sai kuma tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. A Amurka tun 1975 ake sa ta, a Turai ta zama dole a farkon shekarun 1990. Dalma tana kashe ta, mu kuwa a lokacin man mai dalma muke sha, don haka motocin farko da suka zo da ita ba su daɗe ba ta toshe ko ta farfashe. Idan ta farfashe, gutsattsarinta kan yi ta karkaɗawa a ciki duk sanda aka taka. Da farko fasa tukunyar ake yi a zazzage a zubar a bola. Daga baya aka gane akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, irin su filatinam, masu saye suka fara zagaya gareji-gareji. Daga nan lamarin ya lalace. Yau akwai yaron da duk ƙarar da ka kawo masa zai ce indomi ce, a cire, ba zai kuwa gaya maka nawa zai sayar da ita ba. Duk wanda aka ce masa haka, ya tsaya a buga tukunyar a gabansa ya ji da kunnensa, in kuma an cire, ya karɓi abinsa.

Motocin injekta sun kawar da kafireta, daga baya kuma dilko ma ya bi ta. A jikin injin yawancinsu akwai wata 'yar na'ura da aikinta kawai sauraren wannan fashewa. Da ta ji, sai kwamfutar mota ta jinkirta wutar fulogi da kanta. Abin da Kawu ke yi da alli da sufana a kan tudun Dabai, ita tana yin sa a cikin ƙiftawar ido. Illar ita ce mugun mai ba ya ƙara tona kansa da wuri. Direba zai ce mota ta yi nauyi, tana shan mai, ba ta da ƙara. A Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin mai na NNPC ya bayyana cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, aka janye shi, layin mai ya mamaye ƙasa, takardar Kawu ba za ta yi amfani ba: metanol bushewa yake, ba ya barin tabo.

Yaran yanzu suna da na'urar da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ya zama dole a Amurka daga 1996, wasu ma a waya suke karantawa. Ina ganin amfaninta, kuma ban yarda da masu raina ta ba. Tana nuna silindar da ke fashin wuta, tana nuna na'urar da ta mutu, ta hana a yi ta sayen kaya bisa zato. Amma ba ta jin farantin da ya kwance, ba ta jin shaf, ba ta jin roba. Waɗannan har gobe sai an shiga motar an hau tudu. Hawan tudun ne kuma ke neman gagara. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000, direban haya yana shigowa gareji ne da allurar mai a kwance, kuma ba ya son a ƙona masa ko kofi ɗaya a kan gwaji. Ga shi hanyoyin Danko-Wasagu da Sakaba sun zama inda ba wanda ke fatan mota ta tsaya masa, saboda 'yan bindiga. Buƙatar a gano ciwo daidai ta ƙaru, damar ganowa ta ragu.

Na ce zan dawo kan kuɗi. A duk shekarun da na sani, mutumin Zuru yana biyan kuɗin kaya, yana biyan kuɗin gumi, amma bai taɓa yarda ya biya kuɗin ganowa ba. Idan bakanike ya yi rabin yini yana bin ƙara, ya gano wosha ce ta naira kaɗan, sai a ce masa, "Haba Baba, ai ba ka yi komai ba," a miƙa masa kuɗin goro. Idan kuwa ya sauke giyabos a banza, ya baza kaya a ƙasa, ya yi baƙi ƙirin, za a biya shi ba musu. A ganina wannan ne ya koya wa kanikawa da yawa ƙara wa ciwo gishiri, ya kuma sa masu gaskiya irin Kawu suka bar sana'ar ba su da ko kangon gida na biyu. Na'urar kwamfuta ce ta fara karya wannan al'ada, don ita ana yanka mata kuɗinta tun kafin a soka ta, ko ta gano wani abu ko ba ta gano ba, mutane kuma suna biya.

Wani da ya koyi aiki a hannun Kawu, yanzu shi ma da garejinsa da yaransa a hanyar Kontagora, ya samo wa kansa mafita. Yakan ji ƙara tun mota tana shigowa, ya san faranti ne. Sai ya sa yaro ya ɗauko na'urar, a soka, a daddanna, mai mota yana leƙe. Sannan ya shiga rami ya ɗaure woshar. Na ce masa, "Yaya, wannan ai wasan kwaikwayo ne." Ya ce, "Malam, ƙarar ta tafi ko ba ta tafi ba? Kayansa na sauya masa na ƙarya? To kuɗin kwamfuta ya biya, ya tafi yana gode mini. Da na ce masa da kunne na ji, ɗari biyu zai ba ni."